Kafaɗar da Ba a Dafawa

A ƙauyenmu da ke gabas da Gidan Amumune har yau ba a sa gawa a mota. Makara ce ta icce, mutum huɗu, kowa da sandarsa a kafaɗa. Kuma ba wanda yake daɗewa a ƙarƙashinta. Ka yi 'yan taku kaɗan sai ka ji an dafa kafaɗarka ta baya, ka zame, wani ya shiga wurinka, shi ma kafin ya yi nisa an dafa tasa. Haka ake yi har kushewa. Kowa yana neman lada, kuma duk wanda ya kama yana yi wa mamacin addu'a a ransa, shi ya sa tsofaffi suke auna mutum da yawan hannun da ya ɗauke shi. Yaro ma ya san wannan. Ni sai da na je Tasawa na koyi akasinsa, kuma na koye shi fiye da duk abin da aka koya mini a lakwal, wato makarantar boko.

Karatu ne ya kai ni Tasawa. Ubana ya rasu ina ƙarami, uwata ce ta riƙe ni da saƙar tabarmar kaba. Da na gama lakwal ɗin ƙauye aka tura ni kwaleji, aka sauke ni gidan wani ɗan garinmu mai tireda, wanda matarsa take bin kowace loma tawa da ido tun daga kwano har baki. A shekara ta biyu aka kore ni daga karatun. Ban yi mamaki ba, malaman ma ba su yi ba. Kunya ta hana ni komawa gida, sai na koma tasha ina dako.

Bayan tashar akwai wata rumfa ta samari. Da fari fada ce kamar kowace, shayi da karta da gardamar ƙwallo. Lokacin da na san ta ta riga ta zama abin da ake kira pale, wato fadar da ta tara ƙarti, ta sa wa kanta shugaba, ta kuma yi abokan gaba. Wata rana ina tsaye ina kallon suna cin shinkafa da wake a faranti guda, shugaban ya ɗago kai ya ce, "Kai ɗan ƙauye, abinci ba a kallo nai. Matso." Na matsa na sa hannu. Shigata ke nan. Ba rantsuwa, ba yanka kaza, ba komai daga cikin abubuwan da mutane suke faɗa a kanmu.

Shugaban nan gajere ne, muryarsa siririya kamar ta yarinya, kuma ba wanda ya taɓa yi wa muryar dariya sau biyu. Ya fi kowa iya dafa shayi. Shi ne ya zuba siminti a manyan gwangwanayen tumatir ya soka ƙarfen tsohuwar mota a tsakani, muka samu abin ɗagawa. Safe da yamma muna ɗaga shi har wuyanmu ya haɗe da kafaɗa. Ba zan zauna ina jero abin da muka yi da ƙarfin ba, mutanen Tasawa sun riƙe shi fiye da ni. Faɗa da wata pale a kan budurwa, faɗa a kan ƙwallo, lokacin zaɓe kuma duk wanda ya kawo mota da abinci mu nasa ne har rana ta faɗi. Muna jefa ƙwaya a shayi. Ƙwayar ba ta sa mutum farin ciki, nesanta komai take yi, ka ga jini a hannunka kamar a hannun wani. Na daɗe da barin ta, amma nisan da ta sa bai koma ba.

Na farko da ya mutu a cikinmu wani ne mai yawan dariya, mai sayar da esansi, wato fetur, a kwalba bakin gudron, titin kwalta. An soke shi a wani faɗa da ko sanadinsa ban riƙe ba. Washegari da hantsi unguwa ta cika ƙofar gidansu, har da waɗanda jiya jiya suke cewa Allah ya raba su da shi. Aka yi masa salla, mu huɗu muka ɗaga makara, shugaba a gaba ta hagu, ni a bayansa ta dama. Kafin mu yi nisa ya ce, a hankali yadda ya saba, ba tare da ya waiwayo ba:

"Kak ku saki. Waɗanda sunka zage shi da rai ba su cin lada bisa gawa tai."

Ba a jima ba na ji hannu a kafaɗata. Wani tsohon tela ne na unguwar, mutumin kirki, ya taɓa ɗinke mini wando bai karɓi komai ba. Na sauke kafaɗar kaɗan, na mayar da gwiwar hannu baya. Ban waiwaya ba, don in ka waiwaya makara za ta karkace. Na ji ya zauna a ƙasa, na ji mutane sun ja numfashi, muka wuce. Kushewar da nisa, rana ta yi zafi, sandar ta ci fatar kafaɗata har ta jiƙa riga. Ba wanda ya sake matsowa kusa da ko ɗayanmu.

In zan faɗi gaskiya, ranar na ji daɗi. Na ji ina da mutane. Na ce a raina, ni ma ranar tawa waɗannan ne za su ɗauke ni, ba wani munafuki da zai taɓa ni. Da muka koma rumfa har wasa muka mai da abin. Mutum ya ɗora ƙarfen siminti a kafaɗa yana tafiya, wani ya lallaɓo ya dafa shi, a ga ko zai iya kai masa gwiwar hannu ba tare da ƙarfen ya motsa ba. Ni na fi kowa iyawa. Da irin wannan himmar na yi wa karatu, da yanzu ina ofis ina hura fanka.

Daga nan abin ya zama doka, kuma ba mu rasa gawar da za mu gwada ta a kai ba. Wani moto, wato babur, ya kayar da shi, wani ƙwaya ta tsayar masa da zuciya, wani aka kawo shi daga gidan kaso a naɗe. Duk mu muke ɗauka, tun daga ƙofar gida har bakin rami. Garin ya koya. Iyayen mamacin ma sai su bi mu a baya hannu a goye kamar baƙi. Kafaɗata ta dama ta yi kanta baƙa, tana nan har yau, in na tuɓe riga matata takan kau da kai. Ban iya tuna a gawa ta nawa na daina jin komai ba. Na dai san akwai ranar da muke tafe da wani da muka kwana ɗaki ɗaya shekara da shekaru, ni kuwa abin da nake tunani shi ne takalmina ya tsinke.

Sannu a hankali muka ƙare. Wasu suka tafi arewa wajen zinariya, wasu suka haura Libiya, wasu suka yi aure suka fara gaishe mu daga nesa. Yara sababbi suka buɗe tasu rumfar suna kiranmu tsofaffi. Shugaba ya fito daga kaso da tari, ya yi ta yi har ya kwanta. Ranar da ya mutu mu biyu kaɗai muka rage a garin, ni da wani da ƙwaya ta riga ta taɓa wa kai, yana tsaye yana yi wa bango magana.

Mutane sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba. Sun yi sahu sun yi masa salla. Da aka sallame sai kowa ya ja baya ya goya hannu. Liman ya ce a kama. Ba wanda ya motsa. Ya sake cewa, "Jama'a, a kama mana." Suka dube ni. Ba mugunta ba ce, na gani a idonsu. Doka suke bi, dokar da mu muka koya musu da gwiwar hannu. Na kama sanda ɗaya na tsaya, sauran uku suna ƙasa. A ƙarshe wani ya je ya kirawo mai amalanken jaki da ke kai bulo wurin gini, aka share ƙurar siminti da tsumma aka ɗora shi. Na bi a baya. Abin da na riƙe daga tafiyar shi ne tayar hagu ba ta da iska sosai, kuma jakin yana da gyambo a wuya. Da muka dawo na ji yunwa, na sayi wake da mai na ci. Ina cikin ci na ce, to, tawa ma haka za ta kasance. A satin na ɗaure kayana na koma ƙauye.

Labarina ya riga ni isa. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni. Da ma sun yi, da na san yadda zan yi da su. Gaishe ni suke yi da ladabi, irin ladabin da ake yi wa jandarma. Kawuna, ƙanen uwata, ya ba ni gona, ya nema mini aure a wani gari mai ɗan nisa inda labarin bai gama isa ba. Na sayi tsohon moto na fara kabu-kabu, ranar kasuwa in kai mutane Gidan Amumune, wani lokaci har Mayahi. Na yi gemu, na shiga sahun gaba a masallaci. Taubasaina, waɗanda muka tashi suna kwashe mini hula suna cewa ni bawansu ne, yanzu in sun gan ni sai su ce, "Malam, an wuni lahiya?" Ni Malam! Hanyarmu rairayi ce, moto yana rawa a cikinta, kowane ɗan kabu-kabu fasinja kafaɗarsa yake riƙewa. Nawa fasinjojin sai su mayar da hannu baya su ƙanƙame ƙarfen da ake ɗaure kaya, ko tsoho ne, ko zai faɗi. Da fari abin yana ba ni haushi, har nakan shiga rami da gangan in ga ko za su kama ni. Daga baya haushin ma ya tafi.

In an yi mutuwa ba na zuwa kusa da makara. Nakan ɗauki shebur da magirbi in riga kowa zuwa kushewa in yi haƙa. Aikin ƙarfi ne, kuma a cikin rami ba mai bukatar ya dafa ka. Mutane suka ce na shiryu, kullum ni ne a haƙan kabari. Na bar su a haka.

Mutum ɗaya ce ba ta san wannan ladabin ba, uwata. Ita in na shiga gaishe ta tana saƙa, sai ta kai mini duka a kafaɗar nan da tafin hannu ta ce, "Ƙaton banza, wuya kamar na sa, kai kamar na ƙwarya. Miƙo min kabar can." In na daɗe ban zo ba ta aiko a ce mini ko na koma wurin 'yan'uwana 'yan iska ne. Ita kaɗai ce take zagina, kuma a wurinta kaɗai nake jin ni ɗan garin ne.

Wata rana da la'asar, shekarun tsufa sun fara kama ta, ina zaune ina tsaga mata kaba, ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"An ba ni labarin abin da kuke yi Tasawa in naku ya mutu."

Na ci gaba da tsaga kabar.

"An ce ba ku bari a kama. Gaskiya na?"

Na ce, "Inna, wanga ya wuce."

"Ban tambaye ka ko ya wuce ba. Ka jiya, ni ban zagi kowa ba garin ga, in ban da kai. Kowa bai zage ni ba. Dut gidan da anka yi haihuwa na tahi, dut gidan da anka yi mutuwa na kai hura. Ran da tawa ta zo, ka kama, ɗana kake. Amma ka yi taku kaɗan ka saki. Kak ka hana ni hannun mutane."

Na ce, "In Allah ya so."

Ta ajiye saƙar ta dube ni. "Allah shina so. Kai nika tambaya."

Na ce na yi alkawari. Ta kai mini duka a kafaɗa ta ce in tashi in ba ta wuri, na tare mata iska. Tun daga ranar abin ya zauna mini. Ban iya damuwa da abubuwa da yawa ba, gero ya yi ko bai yi ba, moto ya lalace ko ya tashi, duk ɗaya ne a wurina. Amma wannan alkawarin na riƙe shi. Abu ɗaya ta taɓa roƙona tun da ta haife ni, kuma abu ne da kowane sakarai a garin yake yi ba tare da ya yi tunani ba.

A daminar da uwata ta yi ciwon ajali wasu Fulani suka sauka a dajin arewa da mu, sun taho daga wajen El Allassane Maïreyrey da shanunsu. Matansu suna kawo nono cikin gari, uwata takan ba su tabarma su ba ta mai, har suka saba. Wata ranar kasuwa maigidansu ya tsayar da ni a bakin hanya, dogo siriri, da malfa da sanda. Ya hau, ya gitta sandar a cinya, ya ɗora hannuwansa biyu a kafaɗuna kamar ya shekara yana yi.

Na jira in ga abin da gwiwar hannuna za ta yi. Ba ta yi komai ba.

Ya ce, "Kaɗo, tuƙa a hankali, ni ba buhun gero ba ne."

Na ce, "Buhun gero ya fi ka nauyi, ya kuma fi ka tsada."

Ya yi dariya har malfarsa ta bugi ƙeyata. Muka tafi yana ba ni labarin wata saniyarsa mai taurin kai, in mun shiga rairayi ya matse kafaɗar, in mun fita ya sassauta. Ya ce kafaɗata ta yi faɗi da yawa, asara ce a ce mai ita ba ya jan guga a rijiya. Har Gidan Amumune hannunsa bai sauka ba. Daga ranar duk kasuwa ni nake kai shi. Sauran 'yan kabu-kabu suna kallonmu, ba wanda ya gaya masa komai, ko kuma an gaya masa bai ɗauka ba, ban sani ba. Na dai ce a raina, ashe abin ya fita. Na ji sanyi a raina, irin wanda na manta akwai shi. Har na gaya wa uwata tana kwance. Ta ce, "To, Bahillace ya hi mutanen garinku hankali."

Ta rasu gero yana fitar da kai, da safe bayan an sha kunu. Mata suka yi kuka, matata ta yi har muryarta ta dushe. Ni na tsaya a tsakar gida ina kallon wata tabarma da ta fara ba ta gama ba, ina tunanin wa zai ƙarasa ta. Na ɗauki shebur zan tafi haƙa, kawuna ya karɓe ya ba wani. Ya ce, "Yau ba kai ka haƙa ba. Uwarka ta."

Ban taɓa ganin taro irin na ranar a ƙauyenmu ba. Daga garuruwan kewaye an zo, a ƙasa da amalanke da moto. Bayan salla kawu ya tura ni gaba, na kama sandar gaba ta dama, muka ɗaga. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na ce a raina, daga nan zuwa itacen gawon can na bakin gari, sai in saki.

Muka kai gawon. Mutumin da ke hagu da ni an riga an canje shi, wanda ya karɓe shi ma an canje shi. Ina jin makarar tana ɗan motsi ta baya duk lokacin da wani ya zame wani ya shiga. Mutane suna ture juna a kan sanduna uku. Ta wajena kuwa fili ne, za ka iya wucewa da jaki.

Na rage tafiya. Na saki fuska iyakar yadda na iya. Na ɗan karkata kafaɗar baya don a ga ina jira. Ba kowa. Ba zan iya saki haka kawai ba, kanta ne a wajena, in na zame za ta faɗi. Muka shiga hanyar da ta ratsa gonaki, gero ya fi mu tsawo hagu da dama. Na ga wani taubashina yana tafe kusa, na dube shi, ya sunkuyar da kai ya koma ɗaya gefen ya shiga layin masu jiran sandar hagu.

Sai na buɗe baki na ce, "A kama mana."

Ban san da wace murya ta fito ba. Na so ta fito da roƙo. Ina jin ta fito da muryar rumfar bayan tasha, don waɗanda ke kusa sai suka ƙara ja baya, wani yaro ma ya faɗa cikin gero. Sandar ta sami wurinta a kan kantar, daidai inda ta saba zama. Ƙafafuna suka kama takun da suka sani. Na daina ganin gonaki, na daina jin la'ilaha illallahu da ake yi. Tafiya kawai nake yi da gawa a kafaɗa, rana a ka, kamar kowace tafiya da na taɓa yi.

Kushewa ta fara bayyana, ana hango goribar da ke bakinta, sai na ji hannu a kafaɗata.

Na san hannun. Duk ranar kasuwa ina jin sa. Amma kafin sanin ya iso kaina, kafaɗar ta riga ta sauka, gwiwar hannu ta riga ta tafi. Ban waiwaya ba. Makarar ko girgiza ba ta yi ba, na ce muku ni na fi kowa iyawa. Na ji ƙarar haƙori, na ji mutum ya zauna cikin rairayi, malfarsa ta gangaro ta wuce ta gaban ƙafata na tsallake ta.

Sauran sanduna uku ma daga nan ba a sake canja su ba, mutanen da ke riƙe da su suka kai ta har bakin rami suna haki. Na sauke ta. Aka sa ta, aka jera itace, aka rufe. Na zuba ƙasa da hannuna. Liman ya yi addu'a na shafa. Ina neman wani abu a cikin ƙirjina, kuka ko kunya ko haushi, ko me ya samu. Abin da na ji kawai shi ne kafaɗata tana zafi kuma ina jin ƙishirwa.

Da muka koma zaman gaisuwa kawu ya zauna kusa da ni, ba sosai ba. Ya daɗe yana jan carbi sannan ya ce, "Ta samu hannu ta wuri ukku. Allah shi sa ya isa."

Da la'asar Bafulatanin ya zo. Leɓensa ya kumbura, ya tsage ta ciki, yana magana a hankali. Ya tsuguna a bakin tabarma ya yi addu'a, ya ce tsohuwa mutumiyar kirki ce, matansu suna can suna kuka. Na ce masa ya yi haƙuri. Na faɗa sau biyu. Ya ɗaga hannu ya ce:

"Ba komi, Malam. Ni na yi kuskure. Ban san taka ce kai ɗai ba."

Na so in ce masa ba tawa ba ce ni kaɗai, ta kowa ce, abin da ta roƙa ke nan. Na buɗe baki, sai wasu baƙi suka iso aka ɗaga hannu ana fatiha, ya tashi ya ba su wuri.

Bayan addu'ar bakwai na wanke moto na fita, don zama ba ya ciyar da gida. Ranar kasuwa ce. Yana nan a bakin hanya inda ya saba tsayawa, da malfa da sanda, leɓen ya saɓe ya bar ɗan baƙi. Na tsaya. Ya gaishe ni, ya tambayi haƙuri, ya tambayi iyali. Ya hau, ya gitta sandar a cinya. Na jira. Na yi kamar ina gyara madubi, na ƙara jira.

Na ji motsinsa yana mayar da hannu baya, na ji ƙarfen kaya ya ɗan yi ƙara da ya kama shi.

Ya ce, "Mu tahi, Malam."

Na tayar da moto. Rairayin ranar ya yi laushi ƙwarai, muka yi ta rawa a ciki har Gidan Amumune, bai saki ƙarfen ba.